Ido Biyu a Cikin Jaka

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsakanin Didube da Avlabari,
na ji cinyata ta ɗau ɗumi.
Na zuge jaka. Kwamfutar Vakhtang ce,
murfi a rufe, ciki na huci,
fanka na ta kaɗawa a duhu
tsakanin burodi da takardar kuɗin wuta.
Kafin in kai gida batir ya ƙare ƙaf.

Wata bakwai ke nan haka take yi.
Ta kowa, da an kifa murfi sai ta kwanta.
Wannan kuwa kunnen uwar shegu,
ido biyu har gari ya waye,
halin mai ita sak.

Ran Lahadi Nutsa ta zo, 'yar ƙanena.
Ta ture kwanon wake gefe,
ta buɗe wani baƙin allo, ba hoto, ba ado, sai rubutu.
"Goggo Tsisana, ba lalacewa ta yi ba.
Umarni aka ba ta, shi take bi."
Na'ura ta nemi kalmar sirri.
Muka sa ranar aurenmu, ta ƙi.
Muka sa sunan ƙauyensu, ta ƙi.
Sunan karen da muka binne shekara tara da suka wuce,
shi ya buɗe ƙofar.
Na yi dariya har da ƙwalla.
Ashe kare ya fi ni fada.

Fayil ne ɗan gajere,
kowane layi da 'yar alama a gaba kamar shinge,
wato an killace shi, ba ya aiki.
Guda ɗaya aka cire wa shingen.
Nutsa ta bi shi da farce, ta fassara mini:
in an rufe murfi, yi biris.
A samansa ga wani layi
da harshenmu, ba na na'ura ba:
"Don rediyo. Haske na damun Ts."

Sai sanyinsa na ƙarshe ya faɗo mini a rai,
lokacin da ciwo ya hana shi runtsawa.
Yana kwance, 'yar waya a kunne ɗaya,
yana sauraron hasashen yanayi
na garuruwan da bai taɓa takawa ba,
ni kuwa ina gefe ina sharar barci.
Ban taɓa tambaya ba
yadda aka yi ɗakin yake kwana da duhu.

Nutsa ta janye hannu. "A bar shi haka?"
Ruwan shayi ya tafasa, ba wanda ya tashi.
Na jawo kujera, na gyara tabarau.
Harafi shida na goge, ɗaya bayan ɗaya,
na rubuta bakwai da yatsa guda,
tana kiran su, ina nema.
Layinsa na sama ban taɓa ba.
Ta ce na'ura ba ta karanta wannan,
don mutane ake rubuta irinsa.

Muka adana, muka kashe, muka kunna.
Na kifa murfi a hankali
kamar mai ja wa jariri zane.
Fanka ta yi tari ɗaya, ta yi tsit.
Sai ga ƙarar firiji, da famfon Otar na ɗiga a bene na sama,
abubuwan da na manta suna nan.
Wata 'yar fitila a gefe ta fara lumshewa tana buɗewa,
numfashi ne sosai, na mai barci.

Na ɗaga murfin don gwaji.
Ta farka daidai inda muka bar ta,
ko harafi bai ɓata ba.
Na ce wa Nutsa, wannan kam an yi mata gata.

Yanzu ƙarfe uku na dare.
Na miƙa hannu na dafa murfin, sanyi ƙalau.
Ita dai ta samu.
Ni ban san a wane fayil nawa layin yake ba,
kuma mai kalmar sirrin bai bar sallahu ba.