Doka ta Goma Sha Bakwai

A bayan garejin Sahabi, unguwar Wadata,
bayan isha muke shimfiɗa kwalin firiji a ƙasa.
Wannan ita ce Adar, shekara ɗari biyu nan gaba:
Tabalak da shuɗin bik, Keita da jan alli,
Galmi kuwa tabon shayi ne da ya zube bara,
muka bar shi, tunda ya faɗi daidai wurinsa.

Tankokinmu gwangwanin sardin ne,
bakin igwa tsohon bujin moto,
ɗan lido guda, ya tsufa har shidansa ya goge.

Agali ya ce, "Tawa da rana take tafiya,
faranti goma a gadon bayanta."
Sahabi ya ce, "To in magariba ta yi fa?"
"Batir."
"Batir nawa? Ni nake gyara su, kar ka gaya mini.
Zafin Afrilu na kashe batir kamar kaza a buhu.
Rubuta: gida uku da dare, ba ƙari."
Habsu ta rubuta a tsohon kayen lakwal,
ta soke, ta sāke rubutawa,
shafin ya zama kamar gonar da awaki suka shiga.

Ni kuwa yaƙin rijiya nake so:
rijiya bakwai daga Abalak zuwa Ilela,
wanda ya riƙe huɗu har damina ya ci.
Agali na son a tsare ayarin gishiri
a hanyar da ba ta cikin taswira.
Sahabi ya ce a bar masa tanka mai ƙafa shida
wadda ke hawa dutsen Buza kamar gizo-gizo.
Muka ce ƙafa shida, gyara shida,
kowane zagaye sai ka biya da ƙusa.
Ya ce zalunci ne. Ya tashi. Ya dawo,
don butarsa ce ke kan gawayi.

Tsoho Tankari bai cika magana ba.
Ya yi soja, ya dawo da kunne ɗaya mai ji,
shi yake juyo mana in gardama ta yi zafi.
Daren nan ya ɗauki gwangwanin da Agali ya kifar,
ya leƙa cikinsa,
har yanzu da ɗan ƙarnin kifi.
Ya ce, "Mutum nawa ne a nan?"
Muka ce babu kowa, baba, inji ke tuƙa kansa.
Ya ce, "Ƙarya ne. Ko bayan shekara dubu
sai an sami ɗan wani da za a tura ciki.
Ku sa huɗu.
In ta ƙone, mai harbin ya ba su suna,
ya faɗi garin kowa da babbar murya
kafin ya sāke taɓa ɗan lido."

Sahabi ya ce wasa zai yi tsawo.
Tankari ya juya masa kunnen da ba ya ji.

Habsu ta rubuta: doka ta goma sha bakwai.
Ita kaɗai ce ba a soke ba a cikin kayen.

Agali ya riƙe ɗan lido, ya daɗe.
Ya ce, "Ilyasu, daga Bagga. Nomau, daga Kalfu.
Attahir..." sai kuran ya ɗauke.
Muka zauna cikin duhu, sauro na sintiri a kanmu,
wani ya kunna fitilar salula,
inuwar gwangwani ta hau bango, ta fi gidan girma.

Juma'a tara ke nan, ba a kama rijiya ko ɗaya ba.
Na tafi gida da taswirar a hammata,
ina neman sunan na huɗun,
duk wanda ya zo bakina, na san uwarsa.