Waƙafi

A Barisal damina ba ta sallama.
Daren jiya kogi ya hau matakala,
ya leƙa masai, ya leƙa rijiya,
ya sa suka sha hannu.

Da asuba Moyna ta iso a kwalekwale,
Tuhin a kafaɗa, wata goma sha ɗaya,
idanu sun zurma, maɗiga ta lotsa,
yana kuka, hawaye babu.
Nas ta tsunkuli fatar cikinsa,
fatar ta tsaya cak, ta ƙi komawa.
Aka kwantar da shi a gadon leda mai huji a tsaka,
bokiti a ƙasa yana ƙirga abin da ke tsiyaya.

Ni ina can ƙarshen baranda, ɗakin gwaji.
Sunana Shefali. Shekara ashirin da biyu ke nan
ina kiwon abin da ido ba ya gani.
Ba a kawo mini yara,
kwalba ake kawo mini, da lamba a wuya.
Na shafa a faranti, na rufe, na ba shi ɗumi,
gobe ɓarawo zai faɗi sunansa da kansa.

Na san su kamar maƙwabta masu rigima.
Shigela, wadda ba ta bukatar gayya,
’yan ƙalilan a yatsa sun ishe ta,
ta murɗa ciki, ta bar jini da majina.
Salmonela mai ɗigon baƙi a cibiya,
daga ƙwan da bai nuna ba take hawowa.
Kamfilobakta, lanƙwasa kamar fiffiken tsuntsu,
tana bin kashin kaji a tsakar gida
inda mai rarrafe ke ɗanɗana duniya.
Ikolai kuwa ɗan gida ne,
a hanjinmu aka yanke masa cibi,
sai dai cikin danginsa akwai masu wuƙa a aljihu.

Amma yau ba sai na jira gobe ba.
Abin da ke kwalbar fari ne, tsululu,
kamar ruwan da aka wanke shinkafa.
Na ɗiga, na sunkuya kan madubi:
ga su nan, fir, fir, suna gilmawa,
kowane da ƙirar waƙafi.
Kwalara.

Ban saba fita ba. Yau na fita.
An sa masa ƙarin ruwa a jijiyar hannu,
Moyna na zaune da kofi da cokali.
Kakarsa ta ce a ƙauye haka suke yi:
gishiri da yatsa uku,
mazarƙwaila cikin dunƙulen hannu,
rabin lita na tafasasshen ruwa.
Cokali. Jira. Cokali.
Ya amayar. Jira. Cokali.

Wajen la’asar ya yi fitsari.
Ban taɓa ganin an yi wa fitsari murna haka ba,
Moyna ta ɗaga tsumman sama tana nuna wa kowa.
Can ya lalubi nono, ya kama,
ya harari nas da idon da ya dawo.

Na koma na rubuta sakamako, lamba ta arba’in da bakwai.
A makaranta malaminmu ya ce
waƙafi wurin numfasawa ne, magana ba ta ƙare ba.
Na ajiye alƙalami ban ɗiga aya ba,

ruwa na dukan kwano,
wani kwalekwalen yana ɗaure igiya a ƙofa,