Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Talata, asibitin Kumo,
benci a gindin darbejiya inda iska ke ratsawa,
don ba a ɗaki ake zama da masu tarin fuka ba.
Ni da fom da biro, takunkumi a hanci,
shi da hular da ta yi masa yawa.

Bappayo, wata na uku a kan magani.
Sikeli ya ce kilo arba'in da tara,
ya ƙaru da biyu. Na rubuta.
Ɗakin gwaji ya ce kakinsa ya fara tsabta. Na rubuta.
Saura tambayoyin da na'ura ba ta amsawa.

"Baba, daga ɗaya zuwa biyar,
yaya barcinka a makonni biyun nan?"
Ya ce, "Gumin dare ya tafi,
barci dai bai dawo ba, wataƙila ya ɓata hanya."
Na ce lamba nake so.
"To, ba shi uku, kada ya yi fushi."

"Kana tafiya ba haki?"
"Zuwa ina?
Bakin kasuwa, huɗu.
Gidan surukina, da ya daina miƙo mini hannu,
ƙafar ce ke ƙi, ba huhun ba."
Gurbi ɗaya ne a takardar. Na sa huɗu.

"Ciwon ya hana ka aikinka?"
Ya yi shiru, har akuya ta zo ta shinshina jakata.
Shekara ashirin da biyu shi ne ladan a unguwarsu,
sai asubar da numfashi ya yanke masa
a tsakiyar hayya alas salah,
lasifika ta kai tarinsa har tashar mota.
Yanzu wani yaro ke kira.
"Yana da murya," in ji shi, "gaggawa ce ta yi masa yawa."

Na duba fom sama da ƙasa.
Babu layin jan kofin roba
da aka ware masa a bakin randa,
babu na jikar da ake janyewa in ta nufo cinyarsa,
babu na tunkiyar da Dudu ta sayar,
don magani kyauta ne, acaɓan zuwa karɓarsa ba kyauta ba.

"Ta ƙarshe, Baba. Gaba ɗaya, yaya rayuwa?"
"Alhamdu lillahi."
Na ce babu ita cikin zaɓi.
Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, na jira.
Ya goge baki, ya rage murya:
"Jiya a gona, ba kowa sai karan dawa, na gwada.
Na kai hayya alal falah kafin in zauna.
Ke kika yi boko, ki lissafa."

Da la'asar na tara maki:
sittin da ɗaya, wancan wata hamsin da huɗu.
Gobe za a tura Gombe a haɗa da na wasu.
A gefen takardar, inda aka ce kada a rubuta komai,
na sa da fensir, ƙanana:
ya kai falah.