Guntun Gatari

Ƙarfe tara na dare, birnin Sebu na hamma,
yayata Analin tana rataya katin aiki a wuya,
igiya shuɗiya, da hoton shekara shida da suka wuce
lokacin kumatunta na cike.
Za ta hau bene hawa na goma sha ɗaya
ta ba mutanen wata nahiya haƙuri har asuba
kan takalman da ba ita ta ɗinka ba,
ba ta ma taɓa sa su a ido ba.

Ni ma na yi shekara uku a kujerar da ke gefen tata.
Fitsari da izini, dariya da awo,
murya a nannaɗe kamar tabarmar aro.
Ran da na ajiye katin, Inna ta ce,
"Rodel, wanda ya bar inuwa da ƙafarsa
kada ya yi wa rana tsaki."
Na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.
Ta dube ni, ta ci gaba da gyaran kifinta.

Yanzu busasshen mangwaro nake sayarwa a intanet.
Ni ne manaja, ni ne masinja,
ni ne mai ɗaukar hoto da fitilar kicin,
ni ne mai ba da haƙuri, sai dai yanzu laifin nawa ne.
Ba mai duba agogo ya harare ni,
agogon ne ya tare a ƙirjina.
Na rabu da shugaba ɗaya, na wayi gari da ɗari uku,
kowanne da taurari biyar a aljihu
yana ƙirga min su kamar mai ba da bashi.
Wata mata a Dabao ta ba ni ɗaya tak
don kwali ya isa da kusurwa a lotse.
Kwana biyu shinkafa ba ta yi min ɗanɗano ba.

Wayar Analin ta san ranar da za ta yi kuka,
sha biyar ga wata da talatin, ba fashi.
Tawa sai ta ga dama.
Wani makon ta hana ni barci da ciniki,
wani makon in girgiza ta, in duba ko ta mutu.

Sai guguwa ta taso daga teku.
Kwana tara ba wuta, ba layi.
Benensu na da janareto, ta yi wanka ta tafi aiki.
Ni na zauna ina kallon fumfuna
tana cinye min jari leda bayan leda.
Ta tura kuɗi ƙarƙashin kofina,
ba ta ce na faɗa maka ba.
Da ta faɗa ma, da ya fi min sauƙi.

Wata uku bayan nan nata saƙon ya zo,
layi huɗu, har da godiya.
Wai na'ura ta koyi ba da haƙuri,
ba ta gyangyaɗi, ba ta neman izinin fita.
Analin ta cire igiyar, ta rataye ta a ƙusar kalanda.
Inna ba ta kawo zancen inuwa ba.

Yau ga mu a ƙasa, tsakanin kwalaye,
ruwa na dukan kwano.
Hannunta ya fi nawa saurin liƙa salatif,
ta amsa wa matar Dabao da kalmomi bakwai,
matar ta sake sayen leda goma.

Can ta ɗago kai, ba murmushi,
ta ce, "Nawa za ka riƙa biyana?
Kuma ƙarfe nawa ake tashi?"

Na buɗe baki.
Na dubi wayar, tana kwance shiru.
Gatarin nawa guntu ne ƙwarai,
ga shi har an ce in sara in bayar.