Harshen Aro

Shekara talatin da huɗu Baffa Ilu yana kuku a Kano,
gidan Kwara a Fagge, gidan Ba'indiye a Bompai,
daga baya wani ɗan Sin mai kamfanin takalman roba.
Ran da ya dawo gida, kayansa ko jaki bai ji nauyinsu ba:
wuƙa mai baƙar ƙota, rariya guda,
da littafin ajami da mai ya cinye masa gefe.

Bai taɓa hawa jirgi ba.
Iyakarsa Zariya, ita ma gaisuwar mutuwa ta kai shi.
Amma in ya naɗe hannun riga ya tsuguna gaban murhu
sai ƙasashe su yi ta sallama a zaurenmu.

Alkamar fadama ya jiƙa, ya kirɓa da naman tunkiya,
albasa, na'ana'a, a turmin Inna,
tana daga ɗaki tana mita: turmin nan dawa ya sani!
Ya mulmula, ya huda da yatsa, ya cusa, ya rufe baki.
Kibbe, in ji shi. Yara suka ce ƙosai mai ciki.

Riɗin da muka sayo a Gujungu
ya niƙa a dutse har ya yi hawaye,
ya matsa lemon tsami, ya jefa tafarnuwa uku.
Shinkafa kuwa hawa-hawa ya jera ta kamar ginin soro,
ya liƙe bakin tukunya da kwaɓin fulawa,
garwashi a ƙasa, garwashi a bisa murfi.
Na kai hannu, ya buge shi da ludayi:
Tabawa, mai leƙe ba ya cin mai daɗi.

Ba mu da tanderu, muna da yashin rafi.
Ya zuba shi a gindin tukunya, ya ɗora gwangwani,
tsakin alkama, kindirmo, man shanu,
ruwan sukari daga baya, tana huci, tana sha.
Barau mai faci ya ce abincin nan ba ya kai mutum gona.
Washegari sai ga ɗansa da kwano.

To, zazzaɓin kakar bara ya zo ya tafi,
ya bar mana Baffa, ya tafi da harshensa.
Gishiri da zuma duk ɗaya, kamar ya tauna tsumma.
Kwana tara bai kusanci murhu ba.
Na goma ya kira ni, ya miƙo cokali.

Ɗanɗana.
Na ce da saura.
Sauran me? Kada ki ce mini da daɗi, daɗi ba magana ba ce.
Na ce tsamin ya riga gishirin isowa.
Ya ce yauwa, yanzu kika yi batu.

A daren ne ya gaya mini,
muna kankare ƙanzo, fitila tana kyafta ido:
duk shekarun nan a tsaye ya san abincin nan,
ɗigo a tafin hannu, lasa ɗaya, a kai tebur.
Nasa garau-garau ne a bayan kicin.
Ya yi dariya har da tari:
da ina da harshe ban da wurin zama,
yau ga tabarma.

Yanzu ni ke riƙe da littafin.
Ƙarƙashin ajaminsa ina sa bokona da fensir:
inda ya rubuta wani ƙwaro na teku, na sa tarwaɗa,
inda ya sa 'ya'yan itacen da ba mu taɓa gani ba,
gyaɗa, ko dabinon Dutse in an samu.

In an sauke, ba ya duban kwano.
Fuskata yake kallo, loma ta farko,
bakinsa yana motsi kaɗan-kaɗan.