Uku Za a Riƙe

Daren Laraba a Aliero, an ɗauke wuta.
Ina zaune bakin rumfar ajiya, waya a hannu,
warin albasa ya cika min hanci,
caji saura sha ɗaya.
Tun la'asar Zayyanu ya turo saƙo:
"Gobe da azahar a rufe.
Kowa ya riƙe uku, sauran a mayar kasuwa."

Mu goma ne a gasar, bana shekara huɗu.
Babu wanda ya taɓa taka ciyawar Turai,
amma kowa na da mutum sha biyar a aljihu,
suna ci mana maki, ba su san da mu ba.
Dubu bibbiyu ake zubawa,
na farko ya kwashe, na ƙarshe ya sayi shayi.
Bara ni na saya.

Baba ne ya koya min zaɓen albasar ajiya:
kada girma ya ruɗe ka,
latsa wuyanta.
In ya yi laushi, ba za ta ga damina ba.
Mai ƙaton kai ita ke fara ruɓewa,
ta ja na kusa da ita.

Na latsa wuyan na farko.
Ɗan gaba, ƙwallo ashirin da biyu,
amma sau biyu aka tsaga masa gwiwa,
kuma in na riƙe shi, zaɓena na farko ya tafi.
Sayen albasa ke nan a watan tsada.
Na sake shi, yatsana na rawa.

Na biyu yaro ne, sha tara,
na tsince shi a zagaye na sha uku
lokacin da Maidamma ya fita amsa waya.
Ranar har da masu riƙe ciki don dariya.
Yau Maidamma ke bi na har gona,
wai in ba shi ɗaya ya ba ni biyu.
Wanda ya zo taya kayanka kafin rana ta fito
ya riga ka jin farashin Kudu.
Na riƙe.

Sai mai tsaron baya, ba ya cin ƙwallo,
ba ya ciwo, ba ya faɗa da alƙali.
Maki shida, maki biyu, maki shida,
kamar injin ban-ruwan Kawu Nomau,
ba kyan gani, amma fadama ba ta bushe ba.
Shi ma na riƙe.

Saura gurbi ɗaya, caji saura huɗu.

Ƙungiyar nan asali ba tawa ba ce.
Ta Ladan ce, ƙanena,
wanda tirela ta kife da shi da buhu ɗari uku
kafin su kai Kwantagora.
Wayarsa aka kawo min a leda, gilashin ya tsage,
sunan da ya sa wa ƙungiyar ban taɓa ba.
A cikin sha biyar ɗin mutum ɗaya ya rage
wanda shi ya zaɓa da hannunsa:
ɗan tsakiya, talatin da biyar,
yanzu sai minti goman ƙarshe ake sako shi,
ya taɓa ƙwallo sau uku, a tashi.

Lissafi ya ce a sake.
Ga wani can mai ashirin da huɗu, yana jira,
shi ke buga fenariti, shi ke buga kwana.

Baba yakan ware wasu ya ce ba na sayarwa ba ne,
na iri ne.
To, na san wannan ba iri ba ne.
Ba zai tsiro ba, ba zai yi fure ba.
Na latsa wuyan, na ji laushin.

Na danna sunansa.

Kafin wayar ta mutu Zayyanu ya amso:
"Ka shirya kuɗin shayi, bana ma kai ne."
Daga baya wani saƙon, gajere:
"Allah ya jiƙan Ladan."