Sunan Aro

Da kati guda na fara,
mai launin ganyen taba, gara ta ci kusurwa ɗaya,
a ƙasan adakar da Gwaggo Tsahara ke ajiye zannuwa.
Hoton kakana a jiki, wuyan riga a tsaye,
ido a buɗe kamar an kira shi daga baya.
Tankari Nomau. Ɗakin rini. Lamba ɗari huɗu da sha bakwai.

Na shiga taksi zuwa tsohuwar masaƙa, ta wajen Gamkalle,
inda iska ke kawo warin jima daga bakin kogi.
Ƙofar ƙarfe tana nan, kwaɗo ya yi tsatsa,
bututun hayaƙi a tsaye, ya daina tari,
tantabaru sun gaji aikin dare,
akuya na kiwo inda kekuna suka saba jingina.

Maigadi ya ce in nemi tsoho Kimba,
shi ya busa jiniya shekara ashirin.
Na same shi a inuwa yana gyaran rediyo da tsinken ashana.
Ya karkata katin zuwa haske, ya daɗe,
sannan cikin Hausarsa mai gishirin Zabarmanci:
"Wannan Mai-Shuɗi ne!
Rini ya kama hannunsa har gwiwa, ko ranar Salla bai saki ba.
In ya taɓa tuwo, mu ce malmala ta yi sabon zane."
Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya.
"Amma Tankari? A'a, ɗiyata.
Mun binne Tankari tun ba a kafa inji na biyu ba."

Kwana uku ina zarya a ma'ajiyar takardu.
Littattafan albashi ɗaure da igiyar rama,
tawada ta koɗe ta koma ruwan shayi.
Ba sa hannu, sai dangwale.
Wata na ɗaya zuwa na tara: yatsa siriri, da tabo a tsakiya.
Daga na goma: yatsa mai faɗi, ba tabo.
Suna bai motsa ba.
Akawu bai gani ba, ko ya gani ya kau da kai.

Na tarar da Gwaggo tana tsinkar zogale.
Ba ta ɗaga kai ba.
"Kin daɗe ba ki tambaya ba.
Su biyu suka taho daga Adar bisa buhunan albasa,
shekarar da gero bai yi ido ba.
Ɗaya ya samu kati, ɗaya ya samu bakin ƙofa.
Zazzaɓi ya ɗauki mai kati daren Laraba.
Litinin jiniya ta busa, ubana ya sa rigar, ya tahi.
Kowane ƙarshen wata rabin albashi na hawa mota zuwa Barmu,
wurin wata mata da ƴaƴa biyu da ba mu taɓa gani ba.
Shekara goma sha ɗaya."

Na ce, to shi wane ne?
"Asumane ɗan Gado.
Sau ɗaya na ji, ranar da zai cika,
ya jawo kunnen liman ya faɗa masa,
don kada addu'a ta ɓata hanya."

Takardar haihuwata, Tankari.
Ta gama makaranta, Tankari.
Haka ɗalibaina ke kirana, haka nake amsawa.
Itacen zuriyar da na zana a kwali, na yi masa rassa da jan biro,
ashe saiwarsa a gonar maƙwabci take shan ruwa.

Gobe da asuba zan hau motar Tawa,
daga can in nemi ta Barmu.
Na sayi goro, na sayi sukari, na naɗe katin a leda.
Abin da ban shirya ba shi ne sallama:
in an ce daga ciki, "Wane ne?"
ban san wanne zan faɗa ba.